Malam Hodi da Hannun Maigandi

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malam Hodi ya riga ya jingine kekensa a gindin dalbejiyar asibiti, nan Birnin Kebbi. Sashen gashin ƙashi ɗaki ɗaya ne can ƙurya, kusa da wurin wanki. Da kansa yake share shi, ya ɗora ruwa a risho, sannan ya jera kayan aikinsa a kan benci: curin auduga, tsumma mai laushi, ƙwaryar gero da ta shinkafa mai ɓawo. Abokan aiki sun sha tsokanarsa, wai ko fura zai dama wa marasa lafiya. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ko takardar yabo ɗaya ba ta taɓa fitowa daga hukumar lafiya da sunansa ba.

To, ga wadda ba a rubuta ba. Shekara huɗu da suka wuce wani masunci daga Argungu, Maigandi, ya shigo ɗakin nan da hannun dama naɗe cikin rawani. Ƙayar kifin nan kurungu ce ta soke shi a tafi. Rauni ya warke tuntuni, zafi ya ƙi tafiya. Ko hannun riga ya gogi wurin sai ya ji kamar garwashi. Sau bakwai wanzami yana yi masa tsaga da sakiya don a fitar da dafin da ake zaton ya maƙale, kowane karo abin sai gaba yake yi. Ya bar taru, ya daina ba mutane hannu, har aka fara cewa girman kai ne, wasu kuma suka ce ƙyuyar aiki ce kawai.

"Malam, a yanke shi in huta," in ji Maigandi. "In ba ku yi, akwai wanda ka yi mani can gida."

Malam Hodi ya ga mutumin da gaske yake. Ya duba tafin, babu ƙurji, babu kumburi, sai tabon wuta.

"Na yarda da kai, ciwon ga gaskiya na," ya ce. "Amma dahi ya daɗe da hita. Jijiyoyin da ka kai saƙo ga laka da ƙwaƙwalwa su na sunka firgita. Sun daɗe suna kai labarin zahi, yanzu ko auduga ta taɓa ka, zahi suka cewa. Ka san jakin da mikin baya ya warke, amma da ya ga akumari sai shi zabura? Duk sakiyar da anka yi maka ƙara tsorata su ta yi. Ko an yanke, zahin na iya zama wurin da babu hannu."

Sai ga hawaye a idon Maigandi. Shekara biyu ke nan, ba wanda ya taɓa ce masa ya yarda.

Daga nan aka shiga lallashin jijiya. Makon farko auduga kawai, ana shafawa sama-sama. Sai tsumma, sai ruwan ɗumi. Wata guda cur kafin ya iya tsoma yatsu cikin gero, yana cije leɓe, Malam Hodi na jansa da hirar kifi. Sau biyu yana yin fushi ya koma Argungu, sau biyu Malam Hodi na hawa motar kasuwa ranar hutunsa ya bi shi da ƙwarya a jaka. Zafin bai ɓace kwata-kwata ba, amma ya kwanta, kuma da ruwa ya ja Maigandi ya koma taru.

Kai ne, Malam Hodi, ba ka taɓa ce wa mai kuka raki yake yi ba don kawai idonka bai ga rauni ba. Masu tasowa a aikin nan, ku koyi wannan kafin ku koyi sunan magani. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Jiya Maigandi ya ji labarin ritaya, ya zo da bandar kifi cikin kwando. Bai tsaya dogon jawabi ba. Hannun nan na dama ya miƙa, ya damƙi na Malam Hodi ya matse, har sai da tsohon ya ce, "Wayyo! Sake ni, Maigandi, ka karya ni!"