Yadda Yaya Ya Koma Baya

A shekarun da nake sayen gyaɗa a Bebeji ina kaiwa Kano, in na sauke kaya nakan tsaya kallon ƙwallo a wani fili kusa da tasha. Tsayuwar 'yan wasan ce ta fi ɗaukar hankalina: mai tsaron gida, biyu a gabansa, uku a tsakiya, biyar a gaba. Kowa da wurinsa, kamar rumfunan kasuwa.

Mu ma muna da ƙungiya a gida, samari da magidanta, muna bugawa ba takalmi a gonar da aka cire gyaɗa. Na zana musu wannan tsari da kara a ƙasa. Suka karɓa, amma suka raba wuraren da shekaru, yadda ake raba naman suna. Manya biyar suka ɗauki gaba, don ba wanda ya ga yadda ƙane zai tsaya gaban wansa ya ba shi ƙeya. Ni na faɗa tsakiya. Ƙananan aka tura baya.

Yayana, wanda nake bi, shi ya tsaya a tsakiyar 'yan gaba. Ƙato ne, in ya sa wa ƙwallo ƙafa sai an nemo ta cikin karan dawa, amma ba ya gudu. Mutanen Kiru suka zo suka zura mana huɗu, duk ta kan samarin da muka bari a baya. Suna da gudu, sai dai kafaɗa ɗaya ke kayar da su.

Saura mako biyu mu je ramuwa. Kowa ya san maganin: Yaya ya koma baya. Ba mai iya faɗa. Ni kuwa gidanmu ɗaya, akushinmu ɗaya, kuma mutum ne da in ya ɗauki gaba da kai sai ya shekara. Ya taɓa yi wa kawunmu haka a kan iyakar gona.

Na same shi da hantsi yana ɗaura wa jaki mangala.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yauwa, dillali. Yau kuma me za ka sayar mini?"

"So nake ka tsaya baya ranar Kiru."

Ya saki igiyar. "Wurin yara? Ni da na goya ka? Ka je Kano sau uku, ka dawo kana jera mutane kamar buhunan gyaɗa."

Ban yi gardama ba. Ciniki ya koya mini in mutum ya hau, a bar shi ya sauko da kansa. Na riƙe masa jakin. Can na ce, "Lokacin da Baba ke fatauci, a ina madugu yake tafiya?"

Yaya ya bi ayarin Baba sau biyu, ni ban taɓa ba.

"A ƙarshe," in ji shi. "Jagaba ke gaba. Madugu yana baya, don ya ga wanda kayansa suka zame."

"To mu ba mai ganinmu daga baya."

"Bakinka ya fi ƙafarka," ya ce, ya kora jakinsa.

Mako biyun nan da "uhm" yake amsa gaisuwata.

Ranar wasa bayan la'asar, malamin elementare na Kiru ya riƙe usur, muka shiga fili. Yaya ya miƙe zuwa tsohon wurinsa. Na ce a raina shi ke nan, na rasa wasa na rasa ɗan'uwa. Sai ya yafuto ɗan ƙanen Baba, mafi ƙanƙanta cikinmu, ya dafa kafaɗarsa.

"Tsaya nan. In ka zubar da ƙwallo, ni da kai ne."

Ya juya ya taka zuwa baya, ba gaggawa. 'Yan Kiru suka sa ihu: "An sauke tsoho!"

"Ku ƙaraso ku gaishe ni," in ji Yaya.

Sun ƙarasa sau da yawa, sau ɗaya kawai suka wuce. Mu ma muka ci ɗaya, da ƙafar ɗan ƙanen Baba. Tun daga farko har ƙarshe muryar Yaya ke jera mu, wannan ya matsa dama, wancan ya dawo.

A hanyar gida ya kawo kekensa daidai nawa.

"Dillali, daga baya na ga komai. Ashe kai ne ramin. Daga yau gida za ka tsare."

Shekara huɗu na yi ina tsaron gida, ƙeyarsa a gabana.