Regiletar da Inna Kulu ta Cuɗe da Toka

Cikin duk shekarun da na yi ina nutso a sashen ceto, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da wata tsohuwa ta wanke muna regileta. Ku sababbin shiga ku matso ku ji, don ina ganin yadda kuke wurga kayanga bayan mota kamar buhun albasa, raina yana ɓaci.

Ga wanda bai san aikin ba, regileta ita ce na'urar da ake ɗaurawa a bakin tulun iska. Iskar cikin tulu a matse take ƙwarai, ita ke rage mata ƙarfi ta turo ta cikin tiyo har bakin mai nutso. Muna da iri biyu. Ɗaya tana da ƙananan ramuka da ruwa ke shiga ciki, ta ruwa mai tsabta ce, irin wanda anka koya muna aiki cikinsa a Legas. Ɗayar a rufe take ruf, laka da yashi ba su da hanyar shiga. Ita ce ta gulbinmu, wanda in damina ta yi tsakiya sai ya koma kamar kunun kanwa, ko tafin hannunka ba ka gani.

Lokacin ina ƙaramin mai nutso, a ƙarƙashin Oga Bawa, shugaban ayarinmu. Shi ya daina shiga ruwa saboda ciwon kunne, sai dai ya riƙe igiyar da ke ɗaure a ƙuguna. Wata damina anka kira mu daga garin Isa zuwa wani ƙauye kusa da Gangara. Kwalekwale ya kife da manoma suna dawowa daga fadama. Kowa ya fita sai wani magidanci, Sa'idu. Masunta sun ce wani ƙaton icce ne da ruwa ya kayar ya riƙe gawar, amma gorarsu ba ta kai ƙasa. Aikinmu mu fiddo shi a yi masa sutura kafin ruwa ya ƙaru ya tafi da iccen da shi duka.

Na shiga da rufaffiyar har rana ta yi sanyi, ban same shi ba. Hanyar nan ba a bin ta da marece, don haka yayan mamacin, Malam Ummaru, mai makarantar allo, ya sauke mu a zaurensa. Kayanmu sun yi kaca-kaca da laka. Na rufe bakin regileta da murfinta, na aje a kusurwa kan sai da safe in ɗauraye.

Da safe mun dawo daga masallaci, ban ga regileta ba. Ina leƙawa tsakar gida sai ga ta shanye bisa turmi, tana ƙyalli. Uwar mamacin ce, Inna Kulu. Ta kasa zama wuri ɗaya, kuma a gidansu baƙo ba ya kwana da kaya masu dauɗa. Ta ɗauke ta, ta cire murfin, ta tsoma ta cikin baho, ta cuɗe ta da toka da yashi yadda ake yi wa tukunyar ƙarfe. Na ɗaga ta, ruwan toka ya tsiyayo daga ramin da ko ɗigo ba a so ya shiga.

Wallahi kaina ya yi zafi. Kun san bakina. Na buɗe shi ke nan Oga Bawa ya taka min ƙafa, takawa ta gaske. Ya durƙusa ya ce, "Inna, sannu da aiki. Allah shi saka da alheri."

Ta ce, "Ɗiyana, ba ni da abin da za ni yi muku sai wanga. Dattin ya fita dai ko?"

Ya ce, "Ya fita tas, Inna."

Da munka koma zaure na ce masa, "Oga, ta kashe mu. Ba ni mai ramukan in shiga, hadari na haɗuwa gabas."

Ya ce, "Lawali, ba ka shiga ruwan ga da ita. Yashi shi cika ta, ta saki iska gaba ɗaya kana ƙarƙashin icce, in ce wa uwarka mi? Zauna."

Na zauna, amma zama na dole. Ya shimfiɗa farin ƙyalle bisa tabarma, ya buɗe akwatinsa, ya kwance regiletar nan gunduwa-gunduwa. Matatar da ke bakinta ta toshe da toka, ya jefar ya sa sabuwa. Kowane ƙarfe ya wanke shi da ruwan da anka tace, ya busar da iskar tulu. Zobban roba duk ya sauya su. Wani mai gyaran babur da ke kallo ya rugo da gwangwanin giris don ya taimaka. Oga ya yi masa godiya, ya ce wannan yana cin roba, ya fiddo nasa man silikon ya shafa ɗan kaɗan da kan yatsa.

Ni kuwa ina ta kai da kawo tsakanin zaure da bakin gulbi. Karan da masunta sunka kafa don awon ruwa yana ta nutsewa. Mutane sun yi cirko-cirko, wasu har sun fara cewa ma'aikatan gwamnati tsoro ya kama su. Abin ya ci min rai. Malam Ummaru ya gane abin da ya faru, don ya ga ruwan tokar da idonsa. Ya ja Oga gefe, ya ce, "Don Allah kar Inna ta ji." Oga ya ce babu mai gaya mata, ya kuma kalle ni. Na ce na ji.

Da ya gama haɗawa ya ɗaura ta a tulu, ya sa ma'auni ya zuba wa allurar ido. In allura tana hawa a hankali, akwai yoyo ciki. Ba ta motsa ba. Ya tsoma ta cikin bahon nan, ba kumfa. Ya shaƙa da bakinsa, sannan ya miƙo min ya ce, "Bisimilla."

Bayan azahar na shiga. Ƙasa duhu ne, da hannu nake lalube, rassan icce suna kama ni, yashi yana bugun tabarau. Amma iska tana zuwa sumul, duk shaƙa kamar ina zaune gindin iccen bedi. Da wannan natsuwar na kutsa ƙarƙashin kututturen, inda jiya ban kai ba. Nan hannuna ya taɓa riga. Na kwance shi daga reshen da ya riƙe shi, na rungume shi, na ja igiya. Oga ya jawo mu.

An yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa kafin ruwan sama ya sauko. Da gari ya waye babu iccen nan a wurin, gulbi ya tafi da shi.

Muna ɗora kaya a mota Inna Kulu ta fito, ta tsaya bakin ƙofa da ƙwaryar fura. Idonta ya bushe. Ta ce min, "Yaro, yanzu na san inda ɗana ya kwana. Allah shi sa ka ga naka sun girma." Ni da ake cewa ba ni da hawaye, sai da na juya na fuskanci mota.

Abin da na ɗauka daga ranar, kowane ruwa da regiletarsa, kuma ba a gaggawa da abin da za ka shaƙa. Na biyu, mutanen da muke zuwa wa aiki suna cikin tashin hankali, za su kama muku da abin da sunka iya, wani lokaci su ɓata. Ku gyara ku yi shiru. Inna Kulu ta rayu shekaru bayan nan, duk wanda ya zauna kusa da ita sai ta ba shi labarin yadda ita ma ta sa hannu wajen fiddo Sa'idu. Oga Bawa ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na gode masa da ya hana ni shiga ruwa da safen nan, amma na fi gode masa da ya bar wa tsohuwar nan labarinta.