Ƙwan da Ya Riga Agogo

Har gobe ina tuna Larabar da na taɓa ƙwai a sito na ji shi da ɗumi. Watan Afrilu ne, ina shekara ta tara a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Ƙaramin ma'aikaci ne ni: shara, wanke kwalabe, aike. Sama da ni akwai jami'in ɗaki, sama da shi Dakta, shugaban ɗakin.

A lokacin muna da ɗaliba mai neman digiri na biyu, Rahila, ɗiyar wani malamin makaranta. Bincikenta a kan zuciyar ɗan tsako ne tun yana cikin ƙwai. Ta taɓa zaunar da ni ta yi mini bayani. Zuciya takan fara ne kamar ɗan bututu miƙaƙƙe. Naman da ke kewaye da ita sai ya riƙa sakin wasu sinadarai, kamar saƙo: nan ki lanƙwashe, nan ki zama ɗaki, nan a tada bango. In saƙo ya makara, bango na iya fitowa da huda, irin wadda ake haihuwar wasu jarirai da ita.

Aikinta shi ne ta sa ƙwai a injin ƙyanƙyasa, ta ƙirga sa'o'i, ta huda ɓawo, ta ajiye ɗigon sinadarin kusa da bututun kafin ya lanƙwashe. Sau uku tana buɗewa ta tarar ya riga ya lanƙwashe. Dakta ya ce a gabanmu, “Rahila, ko dai ba ki iya ƙirga ba ne? Wannan zubin ne na ƙarshe. In ya lalace, sai baɗi.”

Ni ke ɗauko ƙwan daga gona ran Litinin, in ajiye a sito mai rufin kwano har Laraba. Tun farko Rahila ta ba ni takardar yadda ake ajiya. Da Turanci take, ni kuwa lokacin na fara ajin yaƙi da jahilci a unguwar Gidan Igwai, Hausar ma da ƙyar nake haɗa baƙi. Kunya ta hana ni tambaya. Na ninke ta na sa aljihu.

Da na ji ɗumin nan, kamar yanzu kaza ta tashi daga kansa, sai na tuna innata. Da bazara ba ta barin ƙwan da za a sa wa kaza sai gindin randa, kan jiƙaƙƙen yashi. Ashe zafin Sakkwato ya yi kwana biyu yana kwanci kafin agogon Rahila ya fara.

Na daɗe tsaye. In na yi shiru, babu mai sani. In na faɗa, takardar tuhuma ce, wataƙila kora, ga iyali. Na leƙa ɗaki na hango Rahila tana goge ido da gefen gyale.

“Ɗiyata, taɓa wanga ƙwai.”

Ta taɓa. “Baba Umaru, ina kake ajiye su?”

Na fiddo takardar na miƙa mata. “Mi ta ce? Ban taɓa karanta ta ba.”

Ta dube ni, ta dubi takardar. “A wuri mai sanyi, Baba. Layin farko ke nan.”

Tare muka shiga wurin Dakta, na faɗi komai da bakina. Ya cire tabarau. “Umaru, wata uku na yarinya ka dafa a sito!” Ya ba ni gargaɗi a rubuce, Rahila ce ma ta karanta mini shi. Amma ya janye maganar baɗi.

Zubi na gaba na jera shi a ofishin Dakta mai na'urar sanyi. Ranar buɗewa ta ƙwala mini kira, “Baba, zo ka ga aikinka!” Na sa ido a madubin ƙara girma. Ga bututun nan miƙe, bai lanƙwashe ba, yana ɗan motsi a hankali. Na ce, “Tsarki ya tabbata ga Allah.”

Ku da kuka zo bayanmu, a ɗakin nan ilimin Dakta yana tsaye ne a kan hannun mai ɗauko ƙwai. In an ba ku takarda ba ku gane ba, ku tambaya a take. Kunyata ta minti ɗaya ta ci wa Rahila wata uku.