Irin Geron Baba Sanda

Shekarar da ruwa ya makara, har mutanen Kebbe suka fita roƙon ruwa sau biyu, ina kabu-kabu tsakanin Tambuwal da Kebbe. Iyayena mutanen Zuru ne, Kirista, amma a Tambuwal aka haife ni. Mutane sun yarda da ni. Sai a ɗaura mini buhu a bayan mashin, a faɗa mini gidan da zan kai, ba mai bi na.

Da ɗan kaɗan na fara. In na shiga daji sai in kwance bakin buhu, in ɗebi kwano guda, in ɗinke. Ba wanda ya gane, sai hannuna ya saba.

Akwai wani dattijo manomi a Kebbe, Baba Sanda. Musulmi ne, amma bai taɓa kirana da suna ba, sai dai "ɗana". In na iso da rana sai ya sa a dama mini fura. Yana da irin gero da ya gada a wurin mahaifinsa, kowace kaka yakan zaɓi manyan zangarku ya ware. Gara ta shiga rumbunsa, sai ya kai irin ajiya gidan ƙanensa a Tambuwal.

Da hadari ya fara haɗuwa ya aike ni in ɗauko masa irin.

"Ɗana, wanga iri ya girme ka. Kada ruwa shi taɓa shi."

Na ce, "Baba, kamar a hannunka yake."

Lokacin iri yana tsada. Na sayar da shi a kasuwa, na cika buhun da tsohon hatsi na ƙasan wani sito. Na ɗauka gero duk gero ne. Baba bai ko duba ba. Ya ba 'ya'yansa suka shuka, ba abin da ya tsiro. Kafin su sami wani iri, damina ta yi nisa.

Da muka haɗu ya ce, "Ɗana, mi ya samu irina?"

Na ce, "Ƙila zafi ya kashe shi."

Ya daɗe yana dubana, ya ce, "Ƙila."

Daga ranar na daina zuwa Kebbe. Kunyar da ta rage mini ta tafi. Na shiga satar mashin, aka kama ni a hanyar Jabo, alƙali ya yanke mini shekara bakwai.

A gidan yari wani dattijon ikilisiya yakan zo mana ran Lahadi. Na ce masa ni dai in fita in sami 'yanci. Ya ce, "Ƙanena, tun kana kan mashin kai bawa ne. Hannunka ke aikenka, kana zuwa. Yesu bai mutu don ka canza ubangida ba, ya mutu don ka zama ɗa a gidan Allah. Ɗa ba ya satar hatsin gidansu." Na tuna wanda yake ce mini ɗana. Ranar ban iya cin abinci ba. Na tuba, kuma tuban bai sa abin ya yi sauƙi ba.

Da na fito na tafi Kebbe. Babban ɗansa, Umaru, na tarar a ƙofar gida. Na faɗa masa komai. Ya ce, "Baba ya sani tun ranar. Shi ya hana mu kai ka ƙara. Bara ya rasu." Bai ce in zauna ba.

Yanzu ina facin taya a bakin tasha, da yamma ina ajin yaƙi da jahilci, a nan na koyi rubuta wannan. Samari, na gaskata Allah ya karɓe ni ɗa, amma bai mayar da abin da na ɓata ba. In an ba ku amana, kada ku kwance bakin buhun, ko don kwano guda.

Na rasa shekara bakwai, da mashin, da matata da ta koma Zuru. Mahaifiyata ta rasu ina ɗaure. Gidan Baba Sanda sun rasa damina guda, da irin kakansu har abada. Ni kuma na rasa mutum ɗaya da ya kira ni ɗa ba tare da ya haife ni ba.