Faɗuwar Yaya a Filin Jirgin Ɗa'if

Taubashina ne ya mayar da yayana marigayi abin dariya a wayoyin mutane. Ɗan ƙanwar babanmu ne, tare muka tashi a lungu ɗaya a unguwar Zahir, a Makka. Na ba shi kaset amana ya juya mini a waya, shi kuma ya yanko sakan ashirin daga ciki, ya ɗora masa sautin dariya, ya sake shi. Sauran kaset ɗin babu shi. Abin da ya faru ke nan, kuma ina rubuta shi ne don 'ya'yan Yaya su samu wurin da aka faɗi yadda abin yake.

Ni direban bas ne a tashar Kudai. Karatuna bai yi nisa ba, aji shida na tsaya. Lokacin da wayoyin shafawa suka cika gari, 'yan unguwarmu na da suka buɗe gurub a waya, mu wajen ashirin, duk masu furfura. Aikinmu tura wa juna bidiyo. Wani ya turo raƙumi a bayan wanet, wato a-kori-kura, yana leƙen masu mota, wani ya turo ruwan sama yana jan motoci a Jidda, wani ya turo mai shayi yana zubawa daga sama ba ya ɗiga. Ba zan yi ƙarya ba, ina son gurub ɗin. Tsakanin lodi da lodi, in na jingina da tayar bas, shi ke ɗebe mini kewa.

Wata rana wani tsohon tela a cikinmu ya turo bidiyon wasan jiragen sama na zamanin da, baƙi da fari. Jirage masu fukafukai hawa biyu, wani mahaukaci a tsaye kan fiffike yana ɗaga hannu. Sai gurub ya rikice. Kowa ya tono nasa. Wannan ya turo jirage tara a jere suna fitar da hayaƙi mai launi, wancan ya ce shi a Kaduna ya taɓa gani yana ƙarami kafin a kawo shi Makka. Wanda bai zauna Makka ba ba zai gane dalilin zumuɗin ba. Mu nan jirgi ba ya bi ta kanmu. Sai dai mai saukar ungulu lokacin Hajji. Yaron da ya tashi a Zahir zai iya kai shekara goma bai ga cikin jirgi daga ƙasa ba.

Bakina ne ya ja mini. Na danna na yi magana na ce, ku duk na wasu kuke turowa, mu muna da namu a kaset, mu da kanmu a ciki, a Ɗa'if.

Babanmu direban wani attajiri ne mai sayar da shimfiɗu. Attajirin yana da kyamarar bidiyo irin ta lokacin, wadda ake ɗorawa a kafaɗa kamar buhu. Da aka ce za a yi wasan jirage a wajen Ɗa'if, ya kwashi iyalinsa, ya ce wa Baba ya zo da nasa 'ya'yan maza. Ni ina da shekara bakwai ko takwas, Yaya ya kusa ashirin. A bayan wanet muka hau dutsen Ɗa'if, hanya tana ta lanƙwasa, birai a gefe suna jiran a jefa musu burodi. Na yi amai sau biyu. Yaya ya riƙe mini wuyan riga yana cewa, "Ka yi waje, kar ka ɓata mini takalmi."

A filin an ja igiya, jama'a a bayanta. Iska mai sanyi, ba irin tamu ba. Jiragen farko da suka wuce, na ji ƙarar a cikin haƙorana. Suka hau sama suka rabu kamar an yanka kankana, hayaƙi kore da fari. Baba, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya yi kabbara da ƙarfi har mutane suka waiwayo.

Daga nan iska ta ɗauke mini hula. Sabuwa ce, ta Sallah. Ta gangara ƙarƙashin igiya, ni kuma na bi ta. Ban ga komai ba sai hular. A can gefe wani ƙaramin jirgi mai farfela ya sauka yana juyowa a ƙasa, wajen da nake gudu. Yaya ne ya fara gani. Ya zabura, igiya ta harɗe masa ƙafa, ya kifa da baki, doguwar rigarsa ta rufe masa kai. Ya tashi da jini a haɓa, ya ci gaba da gudu, ya sure ni ta ƙugu. Da ya dawo da ni bayan igiya ya kwaɗa mini mari ɗaya, sannan ya rungume ni har na kasa numfashi. Haƙorinsa na gaba ya bari a filin nan. Da wannan giɓin ya yi aure, da shi aka binne shi.

Duk wannan yana cikin kaset, don attajirin ya juya kyamara da ya ji ihu. Bayansa kuma akwai wajen rabin awa. Muna zaune a tabarma ana cin wake da gurasa, Yaya yana taunawa da gefe ɗaya, leɓe a kumbure, yana cewa, "Wannan yaron sai ya kashe ni kafin lokacina." Ana jin dariyar Baba daga bayan kyamara. Ba mu da muryar Baba a ko'ina sai nan. Ba mu da ta Yaya ma, don shi har ya rasu ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ne ya riƙe ni. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya je nema mini aure. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi shekara uku kafin wannan magana. Kaset ɗin, wanda attajirin ya bar mana, yana wurina a naɗe cikin tsohon tawul ɗin harami, na'urar kallonsa kuwa ta daɗe da mutuwa.

Da na yi maganar a gurub, taubashina ya amsa nan take. Yana da shagon gyaran waya a unguwar Shisha. Ya ce, "Kawo shi nan, bawana. Kai da ba ka san gaban waya da bayanta ba, me za ka yi da kaset?" Haka muke da shi tun muna yara. Ɗan mace da ɗan namiji, ya zage ni in zage shi, ya kira ni bawansa in kira shi ɓarawon fitila, ba mai fushi. Da Yaya ma haka suke, har ya fi. Giɓi yake kiransa, ko a gaban surukai. Yaya ya ce masa Tulu, saboda cikinsa. Na kai masa kaset da hannuna, na ce ya kula, shi kaɗai ne. Ya ce, "Halas, shi ke nan, sati ɗaya."

Sati uku suka wuce. Ina tashar Kudai bayan la'asar, wani direba ɗan Yaman ya matso yana dariya har da hawaye, ya miƙo mini wayarsa. "Duba mutanenku," in ji shi. A saman bidiyon an rubuta da Larabci wai Takari ya ga jirgi karon farko. Wani baƙin saurayi ya zabura a guje, ya kifa, riga ta rufe masa kai. An maimaita faɗuwar sau uku, ta ukun a hankali, ga dariyar gwangwani a kai. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a faɗuwar farko ni ma bakina ya fara buɗewa. A ta biyu na gane takalmin.

Na mayar masa da wayarsa. Ya ce, "Lafiya?" Na ce lodi ya yi.

An yanke bidiyon daidai inda Yaya zai ɗago. Babu yaro a ciki, babu hula, babu farfela. Mutum ne kawai ya ji ƙarar jirgi ya ruɗe.

Kwana biyu bayan nan 'yar Yaya ta kira ni, babbar, wadda ke sakandare. Hausarta ba ta da ƙarfi, da Larabci ta yi maganar. Ta ce 'yan ajinsu ne suka tura mata, ta nuna wa mahaifiyarta, mahaifiyar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ammi," wato baffa, "babana ne?"

Na ce shi ne. Na gaya mata komai, hular da igiyar da haƙorin. Ta ce, "To ina wurin da ya ɗauko ka? Turo mini in nuna musu." Na ce mata gobe.

Washegari da hantsi na bar bas na hau tasi zuwa Shisha. Yana zaune bayan kanta, tabarau a goshi, ya buɗe cikin wata waya. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, bawana ya zo gaisuwa! Ka ga Giɓi ya zama tauraro? Har Sudan an gan shi, wallahi."

Na ce, "Ina kaset ɗin?"

Ya ɗan sosa wuya. Ya ce na'urar da ya aro tsohuwa ce, bayan ya gama juyawa ta cinye zaren, ta tattauna shi, ya ja ya tsinke. Ya jefa a shara.

"To wanda ka juya fa?"

Ya ce yana kan kwamfutar shago, kuma kwamfutar ta kamu da cuta satin da ya wuce, an wanke ta gaba ɗaya. Abin da ya rage sai wanda ya yanka, shi ma don yana wayarsa ne.

Na dafa kanta. Ya ga fuskata, ya rage murya. "Haba, ya shehi. Mutum biyu kawai na tura wa. Rubutun nan ma ba ni na sa ba. Wasa ne. Da yana raye da shi zai fi kowa dariya, ka san tsakaninmu."

Wataƙila da ya yi dariyar. Da kuma ya rama, ya samo hoton Tulu yana barci da baki buɗe ya zagaya da shi unguwa. Amma ba ya nan.

Na ce, "Ka kalle shi har ƙarshe?"

Ya ce ya kalla.

"Ka ga abin da ya tashi ya yi?"

Ya sunkuyar da kai kan wayar da ke hannunsa. Ya ce ya gani.

Akwai mutum biyu a shagon suna jiran gyara. Ban damu ba. Na ce masa:

"To ka saurare ni. Wasanka da Yaya ya ƙare ranar da muka ɗauke shi zuwa maƙabarta, kai kana riƙe da ƙafa ɗaya ta makara. Ka zagi wanda ba zai iya ramawa ba, ka ba baƙi su taya ka. Kuma ka ga yaron, ka san ni ne, ka sa hannu ka yanke ni. Ban zo ka ba ni haƙuri ba, ba ni da inda zan sa shi. Kai ne mutum na ƙarshe da ya ga kaset ɗin nan da idonsa. Ranar Juma'a bayan an sauko, ka zo gidan Yaya a Kudai, ka zauna a ƙasa gaban 'yarsa, ka faɗa mata da bakinka abin da ubanta ya yi bayan ya faɗi. Da Larabci, yadda za ta gane, kuma ta ɗauke ka a waya ta kai wa 'yan ajinsu. In ka yi, za mu riƙa gaisawa saboda Gwaggo. Amma daga yau kar ka ƙara kira na bawanka. Sunana za ka kira."