Matar da Ta Ɗaura wa Kifi Igiya

Kafin mu direbobin motar gungume mu gama shayin safe, Gwaggo Huia Tamihana ta riga ta zura takalmin robarta mai kaiwa ƙirji, ta goya injin batir, ta ɓace cikin daji. Aikinta shi ne bin rafukan duwatsun Marlborough, daga bakin teku har inda ruwa ke ɓuɓɓugowa. Takan ɗan saki wutar lantarki a ruwa, kifi ya suma ya taso, ta duba shi, ta ba shi haƙuri, ta mayar. Wallahi haƙurin take ba shi, na ji da kunnena. Inda ta ga kifi sai ta ja shuɗin layi a taswira, doka ta hana taɓa itatuwan bakin rafin. Inda babu kuwa, zarto ya ci har gaɓa, rana ta gasa ruwan, laka ta cike shi.

A makon nan take ajiye aiki, ni kuwa ba zan bari ta tafi shiru ba, saboda rafin Waimiro.

Rafin yana ratsa ƙarƙashin hanyarmu ta cikin kwalbati. Gwaggo ta bi shi daga hanya zuwa sama, ba ta ga ko kifi ɗaya ba. Ogan masu saranmu, Lachlan Petrie, ya washe baki, don itatuwan gaɓar sun fi na ko'ina kauri.

"To Gwaggo, sa hannu mana, mu shiga."

"Tsaya tukuna, sarkin gaggawa. Zo ka gani."

Ta ja shi ƙasan hanya. Bakin kwalbatin ya rataye sama da ruwa, a ƙarƙashinsa kuma 'yan kifin kōaro ne cunkus, sirara kamar ashana. Irin kifin nan ne masu hawan jiƙaƙƙen dutse da ciki, amma a nan ba abin da za su kama su hau.

Ta ce, "Gidansu yana sama. Mu muka rufe musu ƙofa, sannan in rubuta ba kowa a gida?"

"Ni dai taswira na sani," in ji Oga.

"Ka kuma san wainar ƙwai da 'yan kifi, wadda kake cin guda shida a zama ɗaya. Waɗannan ne ai. Iyayensu a can sama suke haihuwa."

Muka bushe da dariya, shi kuwa ya yi ta ƙunƙuni, amma ya yarda ya kai zartonsa wani tudu har kakar hawan kifin ta wuce. Gwaggo ta je wurin mijin ƙanwarta mai kiwon kodin teku, ta karɓo tsohuwar igiyarsa mai gashi-gashi, ta zura ta cikin kwalbatin, ta saki jelar a ruwa. Mun yi mata tsiya har mun gaji. Kullum na wuce sai na leƙo ta taga in ce, "Gwaggo, ko a ƙara musu tsani?"

Ranar da ta koma da injinta, Oga da kansa ya riƙe mata bokiti, wai don kada a yi masa wayo. Ta saki wuta a rafin ta saman hanya, ruwa ya yi shiru, ba kifi ko ɗaya. Na tausaya mata ƙwarai. Sai ga ɗaya ya taso, sai wani, sai wani. Oga ya daɗe yana kallon bokitin, sannan ya ce, "'Yan banza, ashe sun hau." Ya miƙa mata alƙalami da hannunsa ta ja shuɗin layin.

Gwaggo, ke ce mai jin maganar marasa baki. Ba ki taɓa hana mu cin abincinmu ba, kin dai hana mu rubuta ƙarya a kan ruwa. Mun gode, Allah ya hutar da gwiwoyin nan da suka sha sanyi. Masu tasowa a aikin nan, ku yi koyi da ita, ku duba ƙasan hanya kafin ku ce babu.

Jiya na bi ta Waimiro, itatuwan gaɓa suna tsaye, igiyar kuma sabuwa ce fil. Na tambayi Oga wa ya canja ta, ya kau da kai ya ce wai saboda wainarsa ne kawai.