Ranar da Aka Ce wa Nong Ireneo Ya Zauna

Shekara goma sha bakwai Nong Ireneo ya yi yana gadin rayukan baƙi a bakin tekun Bulabog, kuma ko mutum ɗaya ruwa bai taɓa ci a hannunsa ba. Nong a yarensu kamar a ce Yaya ne. Ɗan masunci ne, jikan masunci. Da kifi ya ja baya sai ya rataye koma, wata makarantar koyar da wasan laima ta ɗauke shi aikin ceto. Tun daga nan, da iskar amihan, mai zuwa daga arewa maso gabas, ta fara kaɗawa za ka same shi kan kujerar gora a gindin kwakwa, kwale-kwalensa mai inji a gabansa, idonsa a kan ruwa.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce. Mai wasa yana tsaye a kan allo, babbar laima tana jansa daga sama. Muddin laima na sama, mutum lafiya lau yake. In ta faɗi ta ƙi tashi, sai a tada inji. Ba a neman kan mutum a cikin raƙuman ruwa, wa zai iya? Laima ake bi da ido.

Sai ga sabon yayi. Wata 'yar laima suka kawo, farawin suke ce mata, ba ta fi zanen gado ba, igiyoyinta gajeru. Allon kuma an dasa masa ƙafa ɗaya mai fiffike a ƙarƙashi, in ya ɗauki gudu sai ya ɗaga mutum sama da ruwa. Duk wannan da sauƙi. Abin haushin shi ne, da mutum ya tsallake duwatsun murjani ya kai inda raƙuman ruwa suke manya, sai ya naɗe laimar da hannunsa, ya cusa ta a jakar ƙugu, ya bar ruwa yana tura shi. Da gangan! Wanda ya ƙirƙiro abin nan, ko shakka babu, bai taɓa zaman gadin ran kowa ba.

Ranar farko da Ireneo ya ga laima ta ɓace, bai ko tsaya neman takalmi ba. Ya keta ruwa da kwale-kwalensa, sai ga wani ɗan Manila ya wuce shi a guje yana washe baki.

"Nong, kifi ka fito kamawa?"

Sau uku aka yi haka a mako ɗaya. Masu koyarwa suka laƙaba masa suna Motar Asibiti. Daga ƙarshe Jovito, mai makarantar, wanda bai kai sa'an ƙanen Ireneo ba, ya kira shi gefe.

"Nong, kana ba mu kunya a gaban baƙi. Mutum na cikin nishaɗinsa, ka bi shi da ƙarar inji kamar ya yi sata. Daga yau ba ka fita sai na ce."

"To Bos, duk mai niyyar naɗe laima ya gaya mini kafin ya shiga ruwa. Ko a rataya musu usur."

"Hutu suka zo, Nong, ba aikin soja ba."

Wata Asabar da hantsi, Doktora Marivic, likitar haƙori daga Iloilo, ta shiga ruwa da jar laimarta. Ireneo ya bi ta da ido har bayan duwatsu, can sai jan ya ɓace. Ya jira ya ga tsayuwar mutum a kan raƙumin ruwa. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce, babu kowa. Ya miƙe.

"Zauna, Nong," in ji Jovito, ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba. "Ta iya."

Sai ya zauna. Mutumin da ya san tekun nan fiye da tafin hannunsa ya koma kan kujera, don kar a sake yi masa dariya. Minti ashirin yana nan gumi na karyo masa, kafin ya tofar da miyau ya ruga, Jovito na ƙwala masa kira a baya.

A bakin mashigi ya same ta, inda ruwa yake ja zuwa fili. Ashe ba naɗe laimar ta yi ba, faɗuwa ta yi. Igiyoyin sun cukurkuɗe da ƙafar allon sun haɗa da idon sawunta, fiffiken ya yanke ta a ƙwauri, ta sha ruwa har muryarta ta tafi. Da wuƙar fawar kifi ya tsinke igiyoyin ya jawo ta cikin kwale-kwale.

A bakin gaɓa mijinta ya yi kan jama'a kamar zai ci babu.

"Ina mai ceton yake tun ɗazu? Barci yake yi?"

Jovito ya dafa kafaɗarsa, ya sassauta murya yadda kowa zai ji. "Yi haƙuri, Sir. Tsufa ne, idon Nong ya fara rauni. Dama muna shirin canja shi."

A gaban masu koyarwa huɗu da suka ji umarnin da kunnensu aka faɗi wannan, kuma kowannensu ya sami abin kallo a cikin yashi. Kafin azahar an karɓe mabuɗin kwale-kwalen. Doktora ta aiko masa da kwalin biskit daga asibiti, shi ke nan.

Matarsa Nang Perla ta ajiye masa shinkafa da busasshen kifi, bai taɓa ba. Ita kam takaici ya ishe ta.

"Kai kuma bakinka ciwo yake? Me ya hana ka faɗa musu shi ya ce ka zauna?"

Ireneo ya ture kwanon gefe.

"In na faɗa, Perla, sai su tambaye ni wa ya ɗaure ni a kujerar."